Shuɗiyar dawa mai korar guba daga masara da gyaɗa: me ya hana ta cika gonakinmu?

Akwai guba a cikin wani kaso na masara da gyaɗar da ake sayarwa a kasuwannin Ghana, kuma ba wani mugu ne ya zuba ta ba. Daga ƙasar gona take tasowa. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ido ba ya ganinta, tafasa da suya ba sa kashe ta. Masana suna kiranta aflatoksin. Abin da ya sa na ɗauko maganarta yau shi ne, tun shekarar 2018 hukumomin ƙasar nan suka yi wa wani magani rajista wanda ke rage ta tun daga gona, kuma shi kansa maganin daga gonakin Ghana aka samo asalinsa. Amma har gobe idan na ambaci sunansa a gaban masu sarin hatsi ko matan da ke soya ƙuli-ƙuli, yawanci sai a tsaya ana kallona kamar na yi wani yare.

Maganar nan ta shafe mu 'yan zango fiye da yadda muke zato. Daga cikinmu akwai manoman masara a Ejura da kewayenta. Akwai dillalai da masu sari a Techiman da Tamale da Kumasi. Akwai direbobin da ke sauko da buhuna daga arewa zuwa Accra. Akwai iyayenmu mata da ke matse man gyaɗa, wadda da yawanmu a nan muke ce wa gujiya, su soya ƙuli-ƙuli, su dama koko, su tuƙa tuwo. Daga gona har zuwa kwano, da wuya ka sami wani mataki da babu hannunmu a ciki. Saboda haka idan akwai guba, ta hannunmu take bi. Idan kuma za a tare ta, sai da mu.

Daga ina gubar take?

Kowa ya san fumfuna, abin nan da ke fitowa a kan burodi ko kwantan tuwo idan ya daɗe a ajiye. Halitta ce mai rai, kuma ire-irenta ba sa ƙirguwa. Mafi yawansu a cikin ƙasa suke zaune, suna cin kara da ganye da duk abin da ya mutu, suna mayar da shi taki. Daga cikinsu akwai wadda masana suka raɗa wa suna Aspergillus flavus, mai launin kore da ratsin ɗorawa. Tana hayayyafa ne ta hanyar fitar da wata ƙura mai laushi, wadda ita ce irinta. Iska da ƙwari su ne ke ɗaukar wannan ƙura daga ƙasa su kai ta kan goyon masara. Ita kuwa gyaɗa ba ta buƙatar mai kai mata, tunda a cikin ƙasar take yin 'ya'ya, kafaɗa da kafaɗa da fumfunar.

Shuka mai lafiya tana iya kare kanta gwargwado. Amma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, zafi ya yi yawa, shuka ta galabaita, ko tsutsa ta huda goyo, ko gara ta ƙwaƙule ɓawon gyaɗa, to ƙofa ta buɗe. Fumfunar takan shiga cikin ƙwayar, tana ci tana fitar da guba. Ga gyaɗa, fari a makonnin ƙarshe kafin a cire ta shi ne ya fi haɗari. Bayan girbi kuma, idan hatsi bai bushe sosai ba aka ɗure shi a buhu, ko aka shanya shi a ƙasa ruwa ya taɓa shi, sai aikin da aka fara a gona ya ci gaba a ɗaki. Manoman Ejura da Techiman sun san wannan wahala, domin masarar babbar damina tana isa girbi ne sararin sama bai gama washewa ba, mai shanya kullum idonsa na kan hadari.

Duniya ba ta san da wannan guba ba sai a 1960, lokacin da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a gonakin kiwo na Ingila. Da aka bi sawu, sai aka gano cewa tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Brazil aka haɗa musu abinci da ita, kuma fumfunar nan ta riga ta yi aiki a cikinta. Ga mutane kuwa, abin da ya fi tayar da hankali a nahiyarmu shi ne abin da ya faru a gabashin Kenya a 2004. An yi fari, sannan ruwa ya sauko ana tsakar girbi, mutane suka adana masararsu da danshi. Mutum 317 aka tabbatar sun kamu, 125 suka rasu. Masarar da suka noma da hannunsu ce ta yi ajalinsu.

Irin wannan mutuwa ta farat ɗaya ba kullum take faruwa ba, sai gubar ta taru da yawa. Abin da ya fi yawa shi ne ci kaɗan-kaɗan, yau da gobe, shekara da shekaru. Hanta ce ke ɗaukar nauyin. Sashen binciken kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sanya aflatoksin a rukuni na ɗaya, wato abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa a jikin ɗan Adam. Haɗarin yana ninkuwa sosai ga wanda ke ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kuma wani nazari da ya tattara alƙaluma a 2016 ya nuna cewa kimanin kashi 12 cikin 100 na mutanen Ghana suna ɗauke da ita. Allurar rigakafin wannan ciwo ta shiga jerin alluran jarirai a ƙasar nan ne a 2002, ka ga ke nan yawancin manyanmu ba su same ta suna yara ba.

Yara ma ba su tsira ba. A 2002 aka wallafa wani bincike da aka yi a maƙwabtanmu Togo da Benin a kan yara 480. Kusan dukkansu, kashi 99 cikin 100, an ga alamar gubar a jininsu, kuma waɗanda suka tsumbure sun fi sauran yawan ta. Adadin yakan yi sama ne bayan yaye, lokacin da yaro ya koma kan kunun masara da gyaɗa. Duk uwar da ta taɓa dama wa ɗanta Tom Brown ta san cewa abincin yayenmu da nasu ɗaya ne. Gubar tana kuma iya bi ta nonon uwa, da nonon saniyar da aka ba wa gurɓataccen abinci.

Don a gane ƙarfinta, a duba ma'aunin da ake auna ta da shi: kashi ɗaya cikin biliyan. Tarayyar Turai ba ta yarda gyaɗar ci ta wuce kashi 4 cikin biliyan ba. Wannan kamar a ɗauki cokalin shayi ɗaya na sukari ne a barbaɗa shi cikin buhu 10,000 masu kilo 100. Amurka ta tsayar da nata a kan 20. A wani bincike da aka wallafa a 2018, an ɗebo samfurin masara da gyaɗa sama da 500 daga sassan Ghana daban-daban. Fiye da kashi 15 cikin 100 na masarar, da kashi 11 na gyaɗar, sun wuce iyakar da Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ghana ta gindaya a lokacin. Kuma gubar ba ta bazuwa daidai cikin buhu. 'Yan ƙwayoyi kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawanta, amma da zarar an kai injin niƙa, sai ta game garin duka. A nan maganar nan ta wake ɗaya shi ke ɓata gari ta zama gaskiya tsagwaronta.

Ɗan uwa mai korar ɗan uwa

To ina maganin? Abin mamaki, yana cikin dangin mai laifin. Ba kowace Aspergillus flavus ce ke fitar da guba ba. A cikin gona guda za ka sami masu guba da marasa guba suna zaune tare, kamanninsu ɗaya, abincinsu ɗaya. Marasa gubar haka Allah ya halicce su, akwai giɓi a cikin ƙwayoyin gadonsu daidai wurin da ake ƙera gubar, don haka ba za su iya yin ta ba.

Wani masanin cututtukan shuka na Ma'aikatar Noma ta Amurka, Peter Cotty, shi ne ya yi fice wajen mayar da wannan ilimi abin amfani. Ya yi aikinsa ne a gonakin auduga na jihar Arizona, inda gubar ke ɓata gurya, wadda ake ba shanun madara. Tunaninsa mai sauƙi ne. Tunda ba za a iya raba ƙasa da fumfuna ba, me zai hana a cika gona da marar gubar tun da wuri, ta riga 'yar uwarta zama a kan amfanin? Wanda ya je tasha da wuri ya san yadda abin yake, idan kujeru suka cika, na baya sai haƙuri. A 2003 hukumomin Amurka suka yi wa nau'in da ya zaɓo rajista da sunan AF36.

Cibiyar binciken noma ta IITA mai hedikwata a Ibadan ce ta kawo dabarar Afirka, ƙarƙashin jagorancin Ranajit Bandyopadhyay, tare da haɗin gwiwar Cotty. Sun sa wa maganin suna Aflasafe, kuma Najeriya ce ta fara yi masa cikakkiyar rajista a 2014. Akwai wata ƙa'ida da suka riƙe wadda ta burge ni. Ba sa ɗauko fumfunar wata nahiya su zuba a wata. Kowace ƙasa, a cikin gonakinta ake nemo nata, domin wadda ta saba da ƙasar da zafin wurin ita ce za ta iya gogayya. Shi ya sa na Kenya daban, na Senegal da Gambiya daban, na Najeriya daban.

A nan Ghana, an yi aikin ne tare da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, inda Farfesa Richard Awuah da Daniel Agbetiameh suka taka muhimmiyar rawa. Daga samfuran nan na masara da gyaɗa an ware fumfuna sama da 5,000, aka gwada su, aka tace marasa guba, aka sake tacewa don gano waɗanda suka fi yaɗuwa a ƙasar kuma suka fi iya danne masu guba. Daga ƙarshe aka haɗa kala biyu, GH01 da GH02, kowanne da nau'i huɗu a cikinsa. An gwada su a ɗaruruwan gonakin manoma a 2015 da 2016, sannan Hukumar Kare Muhalli ta Ghana ta amince da su a 2018. Babu wanda ya taɓa ƙwayoyin gadonsu. Abin da ke cikin buhun dama can yana cikin gonakinmu, yawansa kawai aka ƙara.

Idan ka buɗe buhun, dawa za ka gani, amma shuɗiya. Ana gasa dawar ne don kada ta tsiro, sannan a lulluɓe ta da ƙurar irin fumfunar, da wani abu mai danƙo da zai riƙe ta, da shuɗin launi don kada wani ya ɗauka ta ci ce ya kai niƙa. Dawar ita ce guzurin fumfunar. Kilo 10 ake watsa wa hekta ɗaya, wato kilo 4 ga eka, kuma da hannu ake watsawa kamar yadda ake watsa taki. Ga masara, ana yi ne mako biyu zuwa uku kafin ta fitar da fure a ka. Ga gyaɗa lokacin ya danganta da irin da aka shuka, malamin gona zai ƙirga wa mutum kwanakin. Da zarar ƙwayar ta sami danshi, cikin 'yan kwanaki sai ka ga ta yi kore, ta fara fitar da ƙura, iska da ƙwari su ɗauka su raba wa gonar.

Masu binciken sun lura cewa yawan fumfunar da ke kan amfanin ba ya ƙaruwa saboda an watsa maganin. Abin da ke sauyawa shi ne su wa suka fi yawa. A ƙasashen da aka gwada, raguwar gubar a gonar da aka watsa wa, idan aka kwatanta da maƙwabciyarta da ba a watsa wa ba, yawanci ta haura kashi 80 cikin 100, sau da dama ma ta wuce 90. Kuma kariyar tana bin hatsin har rumbu, tunda marasa gubar ne suka riga suka zauna a jikinsa.

Abin da shuɗiyar dawa ba ta yi

A nan sai an yi hattara, don mun saba da masu tallan magani ɗaya mai warkar da cuta casa'in da tara. Aflasafe ba taki ba ne, ba ya ƙara yawan buhu. Ba ya kashe tsutsa. Ba a zuba shi cikin hatsin da aka riga aka girbe, kuma ba ya cire gubar da ta riga ta shiga. Akwai ma wata guba daban da ake kira fumonisin, wadda wata fumfunar mai suna Fusarium ke fitarwa a masara, ita wannan babu ruwansa da ita.

Sannan abu ne mai rai, yana da nasa sharuɗɗan. Sai an gama noma da huɗa da sa taki kafin a watsa, domin idan aka binne ƙwayar ƙurar ba za ta tashi ba. Ana son ƙasa mai danshi, idan aka watsa cikin fari sai ta zauna jiran ruwa, lokaci yana wucewa, tururuwa da tsuntsaye suna ɗiba. Wanda ya bari sai masara ta yi goyo ya makara, masu gubar sun riga sun kama wuri. Buhun kuma ba a barinsa a rana ko a wuri mai laima. Feshin maganin fumfuna a daidai lokacin yana iya kashe abin da aka sayo da kuɗi.

Tsofaffin ƙa'idoji kuma suna nan daram. A girbe da zarar amfani ya nuna. A shanya a kan tamfol ko siminti, kada a zube a ƙasa ko a bakin titi. Masara ta bushe har danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100, gyaɗa ƙasa da haka. A ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, ko a yi amfani da buhunan nan masu leda biyu a ciki da ba sa barin iska ta shiga, bayan an tabbatar hatsin ya bushe. A tsince ƙwayoyin da suka yamushe, suka fashe ko suka sauya launi.

Sauran 'yan uwa a cikin ƙasa

Wannan ba ita kaɗai ce fumfunar da ke yi wa manomi aiki kyauta ba. Tun 1932 wani masani a Amurka mai suna Richard Weindling ya bayyana yadda wata da ake kira Trichoderma ke nannaɗe fumfunar da ke ruɓar da saiwar shuka, ta narkar da jikinta ta cinye. Yau ana sayar da ita a ƙasashe da dama don kare irin tumatir, albasa da barkono daga ruɓewa. A Kamaru, masu bincike na cibiyar IRAD sun samo nau'inta daga ƙasarsu suka gwada a kan cutar nan mai baƙanta ƙwallon koko, ina nufin koko na cakulan. Mummunan nau'in wannan cuta an fara ganinsa a Ghana ne a 1985 a Akomadan, cikin yankin Ashanti. Gwajin Kamaru ya nuna raguwar cutar, ko da yake bai kai ƙarfin maganin feshi na kemikal ba.

Akwai kuma labarin ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da ke tsotse dawa da gero da masara ta saiwa. A shekarun 1990 masu bincike suka ga wani ƙuduji yana bushewa da kansa a arewacin Ghana. Da suka duba, sai suka sami wata fumfuna da ke kashe shi ba tare da ta taɓa hatsin ba, suka sa mata suna Foxy 2. An yi shekaru ana gwada ta a ƙasashen Afirka ta Yamma. A Kenya, wani nau'i makamancinta da aka samo daga ƙasarsu ya sami rajista a 2021, manoma suna shuka shi tare da masara. Duk waɗannan suna nuna abu guda, cewa ƙasar gona cike take da rayuka, masu cutarwa da masu amfani, kuma abin da manomi ya yi yana iya ƙarfafa ɓangare ɗaya a kan ɗaya.

Kasuwa ce ta riƙe

Na dawo kan tambayar da ke saman wannan rubutu. Idan maganin yana aiki, me ya hana shi cika gonaki? Amsar da na fi ji daga bakin manoma ba ta da wuyar fahimta, kuma ban ga laifinsu ba. Mutum ya sayi taki don ya ga ƙarin buhu. Ya sayi maganin tsutsa don ya ga tsutsa ta mutu. To wannan fa, idan ya saya, me zai gani? Buhunsa goma ne bara, goma ne bana. Ya kai Techiman, dillali ya soka ƙarfe ya duba ƙwaya, ya taya shi daidai da na maƙwabcinsa da bai watsa komai ba. Wa zai mayar masa da kuɗinsa?

Najeriya ta gwada amsa wannan tambaya. Daga 2013 zuwa 2019 an gudanar da wani shiri mai suna AgResults, inda ake ba masu tara masara daga hannun ƙananan manoma ƙarin kuɗi a kan kowane tan da gwaji ya tabbatar an yi amfani da Aflasafe a kansa. Abin da ya ɗaga kasuwar shi ne masu abincin kaji da kamfanonin sarrafa abinci, waɗanda suka yarda su biya sama da farashin kasuwa. Mai kaji ba ya buƙatar dogon wa'azi, domin gurɓatacciyar masara tana rage masa ƙwai, tana hana kaji girma, yana gani a aljihunsa. Darasin shi ne, manomi zai watsa idan ya san akwai mai saye da ke jiransa.

A Ghana ma gwamnati ta ƙaddamar da manufar ƙasa ta yaƙi da aflatoksin a abincin mutane da na dabbobi a 2022. Wannan mataki ne mai kyau. Sai dai yawancin abin da muke ci ba ya bi ta ɗakin gwaji. Daga gona yake zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa injin niƙa na unguwa. Akwai ma wani abu da ke damuna a duk lokacin da na zaga layin masu gyaɗa. Idan aka tsince mai kyau don kamfani ko don fitarwa waje, tsintattun ba zubar da su ake yi ba. Ana tara su gefe a sayar da araha. Su wa ke saye? Mai ƙaramin jari da za ta niƙa ta yi man miya ko ƙuli-ƙuli, da mai neman abincin kaji. Wato an tattara gubar wuri guda an miƙa wa wanda ya fi kowa talauci. Kuma gubar ta fi zama a cikin tunkuza fiye da mai, ita kuwa tunkuza ita ce ƙuli-ƙulin da yaranmu ke sha da gari, ita ce ke cikin yajin tsire.

Hajiyar da ke sayen tsintattu ba mugunta ce ta sa ta ba. Ribar olonka ɗaya take lissafi, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata abin da ke ciki. Amma da zarar mutum ya sani, magana ta koma ta amana, domin mai saye ya dogara ne da abin da aka miƙa masa. Wannan fage ne da limamai da sarakunan zango da shugabannin kasuwa za su iya sa baki, kamar yadda suke sa baki a kan tauye mudu.

Ga abin da nake ganin yana hannunmu. Masu sarin da ke ba manoma bashin taki da iri su karɓi hatsi bayan girbi, su ne suka fi kowa damar sa kilo 4 na shuɗiyar dawa cikin kayan kowace eka, su ware buhunan daban, su nemi masu abincin kaji da kamfanoni da makarantun kwana da za su biya inganci. Akwai ƙananan na'urorin gwaji da ke ba da sakamako cikin ƙasa da awa ɗaya. Sun yi wa mutum ɗaya tsada, amma ba su fi ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwa ba. Manoman da gonakinsu ke haɗe su watsa tare, tunda iska ba ta san iyakar gona ba, kuma idan aka yi shekaru ana watsawa a yanki guda, marasa gubar sukan yi rinjaye a ƙasar. Ƙungiyoyin mata masu matse mai su haɗa kuɗi su sayi gyaɗa daga manomin da suka sani, su daina karɓar tsintattu ko da an rage musu rabi.

Mu kuma masu saye don tukunyar gida, akwai namu. A zauna a tsince kafin a kai niƙa, abin da aka cire a binne shi ko a ƙone, kada a ba kaji. A riƙa sauya wa yara abinci, yau masara, gobe gero, jibi doya ko shinkafa da wake, don kada hanta ɗaya ta yi ta karɓar kaya iri ɗaya. Babba da bai taɓa gwajin ciwon hanta nau'in B ba ya je ya yi, idan ba shi da shi ya karɓi allura.

Manomin da ke son gwadawa a damina mai zuwa, kada ya jira sai shuka ta kai gwiwa. Ya je ofishin noma na gundumarsa tun kafin ruwa ya sauka, ya tambayi malamin gona inda ake samun Aflasafe GH02, da ranar da ta dace da irin da zai shuka. Idan shagon kayan noma na garinsu ba shi da shi, su haɗu su goma su je su tambaya tare. Mai shago ba ya ajiye kayan da ba a nema, amma idan ya ga layi a ƙofarsa, shi da kansa zai nemo inda ake sari.